Babi na Bakwai: Wa Zai Biya Kuɗin Bugu?

Mai maɗaba'a ba ya tambayar marubuci abin da labarinsa ya ƙunsa. Tambayoyinsa ba sa canzawa: shafi nawa ne, kwafi nawa ake so, wace irin takarda, bangon mai sheƙi ne ko maras sheƙi. Daga nan sai ya danna kalkuleta ya juyo maka da fuskarta. Marubuta da dama a nan tafiyarsu take tsayawa. A mayar da rubutun cikin jaka, a ce sai an yi shawara, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsu.

Ga mutumin Kano abin da ɗan dama, domin yana iya zagawa wata maɗaba'ar gobe ya ji nasu farashin. Amma ɗauki malamin firamare a Sule Tankarkar, ko ma'aikaciyar asibiti a Gagarawa, ko ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Gumel, wanda ya tara gajerun labarai 12 yana son ya gan su a cikin bango ɗaya. Tsakanin Gumel da Kano kusan kilomita 120 ne, kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba. Za a kai aiki, a koma duba kurakurai, a sake komawa ɗauko kaya. A Gumel ba a rasa shagunan kwamfuta masu buga katin biki da fosta, amma littafi mai ɗauri sosai, wanda ba zai warware a hannun mai karatu na uku ba, yawanci Kano ake nufa da shi, ko Zariya, ko Kaduna. Kafin a ɗiga tawada ko ɗaya, kuɗin mota ya riga ya ci rabonsa.

Ba haka aka faro ba. Marubutan farko na boko ba su san ciwon kan kuɗin bugu ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasa, ta buga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da kuɗin gwamnati, ta kuma raba su a makarantu. Bayanta aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Duk tsawon wannan zamani aikin marubuci shi ne ya rubuta ya miƙa, in an karɓa shi ke nan. Sai dai ƙofar ƙunci gare ta. Littattafai nawa ne suke fitowa a shekara? Gasar da NNPC ta yi a ƙarshen shekarun 1970 littattafai uku ta haifar, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, alhali a daidai lokacin shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka fara a 1976 yana ta samar da dubban yara masu iya karanta Hausa, masu ƙishirwar abin karantawa.

Sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta inda kasuwa take da tabbas. Matasan da ke rubutu a Kano da kewaye ba su zauna jiran tsammani ba. Talatu Wada Ahmed ta riga ta fitar da Rabin Raina tun 1984, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, suna nuna wa juna hanyar maɗaba'a, suna tallata littattafan juna a shafukan ƙarshe. Masana sun daɗe suna muhawara a kan sunan da ya dace da wannan adabi, Ibrahim Malumfashi a gefe guda, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a ɗaya gefen. Mu abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda suka warware matsalar jari.

Dabarar tana cikin siffar littafin kansa. Ɗauki ɗaya daga cikinsu ka duba: siriri ne, da takardar jarida, an ɗinke shi da ƙusar waya biyu a tsakiya. Labarin kuwa dogo ne, amma an yanka shi gida biyu ko uku ko huɗu. Littafi na ɗaya zai tsaya daidai inda amarya ta ɓace daren kai ta, ko inda alƙali ya buɗe baki zai yanke hukunci, sannan marubuciya ta yi sallama ta ce a tara a na biyu. Jarin da take buƙata na kashi ɗaya ne kawai. Kuɗin da na ɗaya ya kawo shi zai buga na biyu, na biyu ya buga na uku. Wato masu karatu ne suka riƙa biyan kuɗin bugun, kaɗan-kaɗan, ba tare da an kira taro ko an roƙi kowa ba, kuma abin da ya sa su biya shi ne son jin yadda za ta kaya.

To a nan gajeren labari ya zama maraya. Tarin labarai 12 ba shi da inda za a yanka a bar mutum da zulumi. Kowane labari yana rufe ƙofarsa. Wanda ya karanta shida na farko ba abin da zai hana shi barci don bai ga shida na ƙarshe ba. Shi ya sa 'yan kasuwar littafi a Sabon Gari suka fi maraba da dogon labari, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Ko Magana Jari Ce, wanda shi ma tarin labarai ne, sai da Abubakar Imam ya ɗaure su da zare ɗaya na aku da ɗan sarki, ga kuma hukuma da makarantu a bayansa. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, masu rubuta gajeren labari sun ƙaru ƙwarai, hannunsu kuma ya faɗa. Labaran suna nan birjik a wayoyi. Hanyar mayar da su littafi ce ta yi ƙaranci.

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce ƙaddamarwa. A kama ɗakin taro, a sa uban taro da babban mai ƙaddamarwa da mai sharhin littafi, a gayyaci shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da hakimi. Wani ya tashi ya ce ya sayi kwafi 10 a kan naira miliyan 1, a yi tafi, maroƙi ya wasa shi. Ba na raina wannan al'ada, ta rufa wa mutane asiri. Amma akwai abubuwan da ba a faɗa a lasifika. Ƙaddamarwa bayan bugu take zuwa, ma'ana marubuci ya riga ya ci bashi ko ya sayar da tumakinsa. Kuma abin da aka faɗa a taro dabam, abin da ya shiga hannu dabam. Bayan sati biyu za ka tarar da marubucin a ƙofar gidan mai alƙawari, ya tuɓe takalmi yana jira.

"Ranka ya daɗe, dama maganar littafin nan ce."

"Af, Malam, ai ban manta ba. Ka ga yaron nan nawa, zai neme ka."

Yaron ba zai neme shi ba, shi ma ya sani. Sannan ita ƙaddamarwa tana da irin littafin da take so: tarihin basarake, ko rayuwar wani gwamna, ko kundin ayyukan wani shugaba. Labarin bazawarar da aka hana gadon gona, ko na yaron da ya bi motar shanu zuwa Legas bai dawo ba, wa zai tashi ya ce ya saye shi miliyan? Ko an saya, kwafi goman nan a bayan mota za su kwana har rana ta cinye bangonsu. Marubuci ya samu kuɗi, bai samu mai karatu ko ɗaya ba.

A ƙasashen Turai da Amurka an mayar da karo-karon buga littafi sana'a ta intanet. Dandalin Kickstarter, wanda aka buɗe a Amurka a 2009, tsarinsa shi ne mutum ya faɗi adadin da yake nema da wa'adi. In an cika a ba shi bayan dandalin ya cire kashi 5 cikin 100 da kuɗin hada-hadar banki, in ba a cika ba ba a taɓa kuɗin kowa. A 2022 marubuci Brandon Sanderson ya tara sama da dala miliyan 41 a can don buga littattafai huɗu. Irin wannan labari yana ruɗar matasanmu, suna mantawa cewa mutumin ya shafe shekaru yana tara masu karatu kafin ya nemi sisinsu. Ban da haka, dandalin ba ya karɓar wanda ke zaune a Nijeriya a matsayin mai neman tallafi. Kuma a can ma ba komai yake tafiya daidai ba: kamfanin Unbound na Ingila, wanda ya gina kasuwancinsa a kan karɓar kuɗin masu karatu kafin bugu, ya durƙushe a 2025, ya bar marubuta suna bin sa haƙƙinsu. A nan gida ma OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suke sayar da littattafansu ta waya, ya rufe a ƙarshen 2023.

Abin da ya fi kusa da halin malamin Sule Tankarkar ya girmi intanet da shekara 200. A 1789 Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi aka sayar da shi bawa yana yaro, ya buga tarihin rayuwarsa a Landan da kansa. Bai miƙa wa kamfani ba. Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya suka yi rajistar saye tun littafin bai fito ba, ya jera sunayensu sama da 300 a shafukan farko, sannan ya riƙa yawo gari-gari yana sayarwa. Kafin rasuwarsa a 1797 an buga littafin sau 9. Jerin sunayen nan ya yi masa aiki biyu: ya kawo kuɗi, ya kuma zama shaida ga mai shakka cewa ga mutanen da suka yarda da wannan marubuci.

Mutum 300. A ganina nan ne lissafin ya kamata ya tsaya, ba a kan attajiri ɗaya ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, mai maɗaba'a ya yanka naira 600,000 a kan kwafi 500. In aka sa wa littafin naira 2,000, mutum 300 da suka biya tun kafin a buga sun ɗauke kuɗin bugun gaba ɗaya. Sauran kwafi 200 su ne na kuɗin mota, da ladan wanda ya duba ƙa'idojin rubutu, da mai zanen bango, da lambar ISBN da ake karɓa a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa tare da kwafi 3 da doka ta ce a ajiye musu, da ɗan abin da zai rage wa marubuci. Dalilin da ya sa ake neman jama'a da yawa yana cikin injin ne. A bugun faranti, kuɗin haɗa farantai da saita inji ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 1,000, saboda haka yawan kwafi ne ke karya farashin kowane ɗaya. Wanda bai tara mutane da yawa ba, gara ya nufi injin zamani mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ya buga 50 ko 100. Kowane kwafi zai fi tsada, amma ba zai kwana da katan-katan a ƙarƙashin gado ba.

Ina za a samo mutum 300 a masarautar Gumel mai ƙananan hukumomi huɗu? Tara kuɗi a hannun jama'a ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa ta Lautai. Kowace unguwa da uwar adashinta, kowace makaranta da adashin malamai na ƙarshen wata. Marubuci yana iya jiran kwasarsa ya kai maɗaba'a, kuma da yawa haka suka yi, sai dai adashi kuɗinka ne aka tara maka, ba ya kawo mai karatu. Gudummawar biki kuwa, wadda ake rubutawa a littafi don a rama, tana kawo kuɗi daga 'yan uwa, amma ɗan uwa da ya ba ka gudummawa yana ganin ya gama nasa, ba lallai ya buɗe littafin ba. Waɗanda suka gano bakin zaren su ne mata marubutan WhatsApp. Marubuciya za ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai ta ce daga nan na kuɗi ne, ga lambar asusu, a turo shaidar biya a shiga zaure na musamman. 'Yan ɗaruruwan naira ne a kan kowane mutum, amma daga Gumel har Damagaram har Jidda ake turowa. Dabarar littafi na ɗaya da na biyu ce ta koma waya. Mai gajerun labarai zai iya aron rabinta: ya saki labari biyu ko uku cikakku, waɗanda ya fi ji da su, ya bar su su zaga, sannan ya ce sauran suna cikin littafin da za a buga, ga farashi, ga rana.

Kuma lokaci yana da muhimmanci fiye da yadda 'yan birni suke zato. A wannan yanki kuɗi yana da kaka. Wanda ya buɗe karo-karo da faɗuwar damina, lokacin da kowa ke neman na taki da na 'yan ƙwadago, ya zaɓi ranar banza. Bayan an kaɗe riɗi an tsinke zoɓo, manyan motoci suna lodi a Maigatari, sannan ne naira 2,000 ba ta yi wa mutum nauyi. Ita kanta kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda aka fi sani da raƙuma da shanu da dawaki, tana tara Hausawan ƙasa biyu a wuri ɗaya. Mutanen Dungas da Magarya da Damagaram suna karanta abin da aka rubuta a Kano tun zamanin littattafan soyayya, ko da yake rubutunsu ya ɗan bambanta da namu a wasu haruffa. Direban da ke jigila duk mako zai kai ƙunshin littafi 20 da kuɗi kaɗan. Sai dai wanda zai dogara da tsallaken iyaka ya tuna cewa an rufe ta a watan Agusta na 2019, ba a buɗe Maigatari ba sai Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Mutumin da ya biya da sefa yana jiran littafinsa ba ruwansa da rufe iyaka.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi son marubuci ya riƙe. Kuɗin da aka karɓa kafin bugu ba kyauta ba ne, ciniki ne, kuma malamanmu sun san shi tun kafin a haifi intanet. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya. Sharuɗɗansa a fili suke: a san siffar kayan, a san adadinsu, a san ajali. Fatawa ta malamai ce, ni dai abin da na gani shi ne waɗannan sharuɗɗa uku sun fi duk wata shawara da ake bayarwa a kan karo-karon zamani. Kada a ce wa mutane "ku taimaka wa adabi." A ce littafi ne mai labari 12, shafi kaza, bango kaza, za a miƙa shi a wata kaza, wanda ke Gumel ya karɓa a shago kaza, wanda ke Gagarawa za a aiko masa ranar kasuwa. A buɗe littafin rajista, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar da ranar da ya bayar. In da hali, kuɗin ma kada ya zauna a asusun marubuci, inda rashin lafiyar yaro ko hidimar Sallah za ta iya lasar sa. A samu mutum biyu da jama'a suka yarda da su, ko da shugaban makaranta ne da wata uwar adashi, su riƙe.

Ajalin kuma ya zama gajere, saboda takarda ba ta jira. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa, kusan duk abin da ake bugawa a kai daga waje yake zuwa, da dala. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ke ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,400 cikin 'yan watanni. Wanda ya karɓi kuɗin mutane a kan tsohon farashi ya tsaya gyaran labari na tara, ya koma maɗaba'a ya tarar kuɗin ko rabin aikin ba za su yi ba. Saboda haka rubutu ya kammala tukuna, a tace shi, a tsara shafuka, a karɓi farashi a rubuce, sannan a buɗe baki a nemi kuɗi. Da zarar an tara abin da ya isa, a ba mai maɗaba'a kafin alƙalami ya sayi takardar a ajiye.

Akwai wata matsalar da ba ta cikin kowane lissafi, ita ce ta "ina nawa?" Ranar da littafi ya iso gari, abokin wasa da suruki da tsohon ɗan aji kowa zai miƙo hannu, kuma a al'adarmu da kunya ka ce wa kawunka ya biya. Kwafi 200 ɗin nan da aka ware, a nan suke zurarewa. Jerin sunaye irin na Equiano yana rage wannan. In kawu ya buɗe shafin farko ya ga sunan maƙwabcinsa a cikin waɗanda suka biya tun littafin yana cikin waya, da wuya ya nemi na banza, wataƙila ma ya yi ƙorafin me ya sa ba a zo masa ba tun farko. A bugu na biyu sai a fara da shi.

In kuma wa'adi ya cika mutum 120 kawai aka samu, hanya biyu ce, kuma tun ranar farko ya kamata a faɗa wa jama'a wadda za a bi: ko a mayar wa kowa kuɗinsa cif, ko a koma ƙaramin bugu a fitar da kwafi 150 a sallami waɗanda suka biya. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a yi shiru. A Kano marubucin da ya ci kuɗin mutane yana iya sauya unguwa. A Gumel, wanda ya ba ka naira 2,000 sahu ɗaya kuke tsayawa ranar Juma'a, kuma matarsa ce ke zubi da matarka.